Ƙafar da Ba Ta Taka Faranti Ba

"Wato tsallake shi ka yi."

"Ba tsallakewa na yi ba, Yudelka. Ƙafa kawai na ɗan ɗaga."

"Ka ɗan ɗaga! Kai, sannu da sadaukarwa. Ya kamata a kafa maka gunki a bakin teku, ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe."

Wilkin Severino ya ƙara sauri. Suna tafe ne a titin kasuwa da hantsin Litinin, shi sanye da rigarsa ta zuwa coci, 'yan acaɓa suna matsa masa oda suna kiransa sarki, shi kuwa zuciyarsa kamar an jiƙa ta a ruwan ƙanƙara. Ba a taɓa yin sarkin da ya tsani sarautarsa haka a garin San Pedro ba.

Abin da ya faru jiya shi ne wannan. A wasan besbol, maki ba ya shiga sai mutum ya zagaye tasha uku ya dawo ya taka farantin gida. Maki arba'in da bakwai a kakar wasa guda, shi ne tarihin ƙungiyarsu, shekara talatin ba wanda ya kai shi. Mai tarihin kuwa Don Fulgencio ne, mahaifin Yudelka, wanda ya raɗa wa shagonsa suna Arba'in da Bakwai, wanda kuma ba ya sayar maka da ko ashana sai ya haɗa maka da labarin maki ɗaya kyauta. Kullum maganarsa ita ce, ranar da aka karya lambar nan a wuce da shi maƙabarta kawai.

To, Wilkin ya kamo shi, sun yi kunnen doki, a daidai makon da ya shirya zuwa neman auren 'yarsa. Jiya da la'asar yana tasha ta uku aka narka wa ƙwallo sanda ta yi can bakin katanga. Ko da rarrafe zai isa gida. Yana gudu yana hango tsohon a kujerarsa da farar hula, Yudelka a gefensa, sai so ya hau masa kai, ya yanke shawarar da ya ɗauka ta jarumai ce: ya ɗaga ƙafa, ya sauke ta taƙi guda bayan farantin. Lissafinsa, mai tarar ƙwallo na abokan hamayya zai gani, ya taɓa shi da ƙwallo, alƙalin wasa ya soke makin.

Mai tarar ƙwallon yana can yana zagin wani ɗan ƙungiyarsu. Alƙali ya ja bakinsa ya yi shiru, don doka ta ce sai an kai ƙara. Ba wanda ya kai. Aka sake jefa ƙwallo, maki ya zauna daram. Filin ya ɗauki ihu, aka ɗaga Wilkin a kafaɗu yana leƙen ƙasa kamar gawar da ta farka a makara.

"Ko faɗuwa ba ka iya ba," in ji Yudelka. "Mutum ya yi niyyar kasawa, ya kasa kasawar. Wannan baiwa ce, masoyi."

"Domin ke na yi."

"Na gode. Gobe in ka tashi yi mini kyauta, ka sayo mini takalmi."

Suka tarar da Don Fulgencio a gaban shago, yana buga wasan domino a tebur shi kaɗai, don abokan wasansa sun yi masa ta'aziyya da safe ya kore su. Tukunyar rogo da ayaba tana tafasa a bayan kanta.

"Sa mini albarka, Papa."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. A'a, har da mai tarihi? A kawo kujera! A'a, bari, kada ya tsallake ta."

Wilkin ya ɗosana a bakin kujerar.

"Don Fulgencio, kun… kun gani?"

"Duk garin nan allo suke kallo, yaro. Ni ƙafa nake kallo. Tun kafin a haife ka ƙafa nake kallo." Ya buga ɗan domino a tebur har kofin kofinsa ya yi tsalle. "Da farko na ce ko makanta ce ta same ka. Sai na ga ka waigo ka dube ni da idon nan naka na ɗan akuya maraya. A nan na gane sadaka aka ba ni. A gaban 'yata. A gaban mai sayar da gyaɗa."

"Girmamawa ce, ranka ya daɗe. Na ji kuna cewa ranar da aka karya…"

"Ina kuma cewa zan daina shan giya. Ka taɓa ganin na daina?"

Yudelka ta juya baya tana gyara gwangwanayen madara, kafaɗunta suna rawa.

Tsohon ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura, ta karkace, ɗinki ya ratsa ta kamar layin dogo.

"Wannan tabon makina na huɗu daga ƙarshe ne. Wani ƙato ya zauna a kaina, na miƙa ƙafa ta ƙarƙashinsa na taka. Duk arba'in da bakwai ɗin na taka su, ɗaya bayan ɗaya." Muryarsa ta yi ƙasa, sai Wilkin ya ji ƙwalla ta cika masa ido. "Shekara talatin ina gadin lambar nan kamar mai gadin kabari. Ka ɗauka ban gaji ba? Jira nake wani namiji ya zo ya ƙwace ta, in cire hula, in yi kukana, in huta. Sai aka aiko mini da mai tausayi."

"To yanzu…"

"Yanzu a allonsu kai ne sarki. A shagon nan muna kunnen doki. Kuma rigar cocin nan na san abin da ta zo nema. Ba na ba da 'yata ga mutumin da yake zuwa ƙofar gida ya ƙi shiga. Wasa ɗaya ya rage, gobe. In ba ka taka ba, sai kaka mai zuwa."

"Wa ya ce zan jira kaka mai zuwa?" in ji Yudelka daga cikin shago. "Akwai wani likitan haƙori da yake gaishe ni, kuma shi duk abin da ya taɓa yana fita."

Wilkin ya san gobe ba a hannunsa kaɗai take ba. Sai ya fara samun tasha, sai kuma wani ya buga ƙwallon da za ta kawo shi gida, ga shi masu bugu a bayansa, in ban da bugun jiya, tun makon jiya iska kawai suke duka. Ya dubi gwiwar tsohon, ya dubi Yudelka, wadda ta daina dariya tana kallonsa da gwangwani a hannu. Ya miƙe tsaye, har wani ɗan acaɓa ya taka birki don ya ji.

"Don Fulgencio, ku zo da farar hular nan gobe. Ko ba wanda ya buga mini ƙwallo, ba zan jira ba, da gudu zan faɗo gida a gaban idon mai jifan ƙwallo. Zan taka farantin nan da ƙafa biyu, kuma da ƙurar takalmin zan shigo shagon nan neman Yudelka."