Jirgin Mai Kemis

Mai Banda tana juya tarwaɗa a kan waya, hayaƙi na cika mata ido, sai wata mai sayen kifinta ta ce, "Kin ji Mai Kemis zai sayar da jirginsa?"

"Shuɗin nan mai inji?"

"Shi fa. An ce bai fi sau biyu ya shiga ruwa ba. Matarsa ta ce ko jirgin ya bar gidan, ko ita ta bari."

Mai Banda ba ta san lokacin da ta cika wa matar leda da gyara ba. Ta bar wa ƙanwarta wutar ta nufi gida, tana tafe tana dariya ita kaɗai, har wani mai baro ya tsaya yana kallonta.

Mijinta masunci ne, amma a bakin ruwa an fi saninsa da Bari-Mu-Gani, don ko ruwan sha aka miƙa masa sai ya faɗi haka kafin ya karɓa. Ta same shi a durƙushe yana shafa wa kwale-kwalensa kwalta, tsohon kwale-kwalen da faci ya fi katako yawa a jikinsa.

"Baban yara, ajiye kwaltar nan ka wanke hannu. Allah ya yanke mana wahala!"

Ta zayyane masa labarin ba ta ko numfasa ba. Ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Araha ba ta ado. Abu sabo fil, me zai sa mutum ya rabu da shi?"

"To ai gani ya kori ji. Kallo ma sai an biya?"

Haka ta tasa shi gaba har gidan Mai Kemis. Jirgin na tsakar gida a kan tsofaffin tayoyi, ya cinye wurin shanya gaba ɗaya. Da aka yaye tamfol, wata kaza ta yi tsalle daga ciki tana ƙorafi. Mai Banda ta dafe ƙirji. Fentin na ƙyalli, kujerun ko ƙwarzane babu, hannun injin ma ledarsa ba a cire ba.

"Likita ne ya ce in nemi abin da zai hutar da ni," in ji Mai Kemis, yana gyara tabarau. "Na fita, na dawo da jiri. Na sake fita, na dawo da jiri da mura. Kifi kuwa ko na rantsuwa ban kama ba."

Bari-Mu-Gani ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe kafin ya fito, fuska a murtuke.

"Me ka gani?" Mai Banda ta tambaya.

"Ba komai. Abin da ya dame ni ke nan."

Ya ja ta gefe ya rage murya. "Kin san in muka saya, abin da kika daɗe kina tarawa na rufin rumfarki ya tafi. Damina kuma na hanya."

Ta tuna yadda ruwa ke kashe mata wuta tana tsakar aiki. Sai ta sake kallon shuɗin fentin nan, dariya ta kufce mata.

"A gwada shi a ruwa tukuna. In na jiƙe, ai ba gishiri ba ce ni."

Aka samo motar kaya aka kai shi gaɓa. Mai Kemis ya haɗiye maganin jiri, ya ɗaure rigar ceto har wuya, ya rungumo sandar fatsarsa mai tsada. Mai Banda, wadda duk rayuwarta a bakin ruwa take amma ba ta taɓa yarda ta hau kwale-kwalen mijinta ba, ta tattare zani ta shige tsakiya.

Ja ɗaya injin ya tashi. Bari-Mu-Gani, da hannunsa ya saba da filafili, ya murɗa hannun injin da ƙarfin tuƙi. Hancin jirgin ya ɗaga sama, ɗankwalin Mai Banda ya yi nasa wuri.

"Wayyo Allah! Baban yara, za ka kashe mu! Ƙara! Ƙara wuta!"

Tana ihu tana dariya, ruwa na fesa mata a fuska. Ta waiwaya ta ga mijinta, mutumin da murmushi ke yi wa wuya, baki har kunne kamar yaron da aka saya wa keke.

Kafin ka ce kwabo sun isa gindin dutsen nan mai zurfi, inda mijin yake shan rabin safiya a kwale-kwale kafin ya kai. Ya kashe inji. Don jin daɗi ya sa wa Mai Kemis tana a ƙugiya, ya ce ya jefa ta inuwa.

Ba a jima ba sandar ta lanƙwashe.

"Wani abu na ja na! Jama'a, wani abu na ja na!"

Mai Banda ta riƙe masa rigar ceto ta baya, mijinta na cewa saki, ja, saki. Da ƙyar suka ɗago giwan ruwa mai tsawon hannu. Mai Kemis ya faɗa kansa ya ƙanƙame, tabarau a karkace, ya ɗago kai ya ce, "Na fasa sayarwa!"

Dariyar Mai Banda ta tsaya cak. Har suka juyo gaɓa Mai Kemis na ta yi wa kifinsa kirari.

Matarsa na tsaye a bakin ruwa da lema. Ta ji labari, ta dube shi sama da ƙasa.

"Madalla. To gobe wa zai tuƙa ka? Wa zai sa maka tanar da kake ƙyamar taɓawa? Kuma a ina zan yi shanya?"

Mai Kemis ya kama gyara tabarau. A nan ne Bari-Mu-Gani ya yi gyaran murya.

"Mun saya," ya ce. "Kujerar gaba kuwa taka ce, ranka ya daɗe. Duk ranar da ka rufe shago, ka zo da sandarka."

Mai Banda ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa. Mai Kemis ya dubi jirgin, ya dubi kifin, ya dubi matarsa, sannan ya miƙa hannu yana dariya, duk ƙarni.

Washegari da hantsi Mai Banda ta ce sai an koya mata tuƙi, tunda da guminta a ciki. Mijinta ya nuna mata: in kina son dama, tura hagu. Ta ce ta gane sarai. Ta murɗa, jirgin ya yi kwana ya kutsa cikin ciyawar gaɓa ya kafe, agwagin mutane suka watse. Suka zauna a ciki suna ta dariya, har masu wanki suka taso su ga ko lafiya.