Hannun Irimiya

Ni dai ban taɓa son shirin "Kan Kunya" ba, kada wani ya yi mini ƙarya. Me Malam Ndanusa mai gabatarwa zai koya mini a kan doya? Mutumin da ke shiga gona da takalmi sau-ciki, yana ɗage wando kamar mai tsallake kwata! Shekara goma sha shida ina kunna talabijin duk Laraba ƙarfe shida, amma ba don surutunsa ba. Don mijina ne.

A farkon shirin, kafin Ndanusa ya buɗe baki, ana kaɗa ganga, sai a nuna wani manomi ya ɗaga ƙatuwar doya yana dariya, wushiryarsa a waje. Irimiya ke nan, a gonarmu ta Maikunkele. Shekara biyu bayan sun ɗauki hoton maciji ya sare shi, ya rasu. Hoton aurenmu yoyon ɗaki ya cinye tuni, shi kuma ba mai tsayawa gaban mai hoto ba ne. Abin da ya rage mini ke nan: in ƙirga huɗu, ya yi dariya, ya wuce. Sai in kashe kayana in koma girki.

'Yata Magdalene ta sha cewa, "Mama, bari in ɗaukar miki a waya."

"Ki ɗauka ki kai ina? Ba ga shi yana zuwa duk Laraba ba?"

Haka na riƙa korar ta. Laifina ne, na sani, ba sai an gaya mini ba.

Kwatsam sai sanarwa, wai Laraba mai zuwa shirin zai yi bankwana. Ranar na sa Magdalene ta baro Sabon Gari tun da rana da babbar wayarta. Na zuba wa janareta mai, don ban yarda da wuta ba. Muka jingina wayar da gwangwanin madara, ta danna, na kafa ido.

Ganga ta tashi. Sai ga Ndanusa yana gaisawa da wani mai babbar riga. Ndanusa yana karɓar lambar yabo. Ndanusa yana yanka kek. Kek, jama'a! Wai sabon farkon shiri suka yi na musamman saboda bankwana. Na zauna har ƙarshe, karo na farko a rayuwata, ko za su nuna Irimiya. Ko ƙeyarsa ba su nuna ba.

Washegari ban ko karya ba na hau keke zuwa gidan talabijin. A bakin ƙofa sun rataya wani ƙaton ƙyalle na bankwana, fuskar Ndanusa ta cika shi taf. Maigadi na ta yi mini tambayoyi, sai ga mai fuskar ya fito da makullin mota a hannu.

"A'a, Mama, sannu da zuwa! Kin zo yi mana bankwana ne? Allah sarki, masoya!"

"Masoyin wa? Ina mijina?"

Ya dubi maigadi, maigadi ya dubi ƙasa. Na yi wa Ndanusa bayani dalla-dalla.

"Au, mai doyar nan!" Har da tafa hannu. "Kash, Mama, kin makara. Shekaranjiya aka goge tsofaffin kaya daga na'ura, sabon shiri na buƙatar wuri. Kaset ɗin asali kuwa gara ta gama da shi tun tuni. Gaskiya mu doyar muka je ɗauka. Ko sunansa ba mu tambaya ba."

Wallahi na tsani mutumin nan, kuma na gaya masa a fuskarsa.

"Shekara goma sha shida kuna ihun Kan Kunya, Kan Kunya, ashe kunyar doya kaɗai kuka sani! Sunansa Irimiya. Faɗa in ji."

"Mama, ki yi haƙuri mana."

"Ka riƙe haƙurinka. Faɗa!"

Bai faɗa ba, agogo ya duba. Na juya zan tafi, idona ya sauka a kusurwar ƙyallen nan, can ƙasa da kafaɗar Ndanusa. Doyar ce. Sun yanke mutumin kaf, sun bar doya don ado. Amma hannun da ke riƙe da ita ya gagare su cirewa. Ga ƙaramin yatsan nan a karkace, wanda fartanya ta karya shekarar da na haifi Magdalene.

Na zaro rezar yanke farce daga jakata.

"Mama! Mama, za ki lalata mana kaya!" in ji Ndanusa.

"Matso ka gani," na ce, ban ko waiwaya ba. Maigadi ya taka sau ɗaya, ya ga rezar, ya koma kan bencinsa.

A tsanake na bi gefen hannun, yatsa bayan yatsa, ban taɓa doyar ba ko kaɗan. Huɗu na samu, babban yana ɓoye a bayanta. Na naɗe su a bakin zanina na ƙulle.

"Ga doyarku nan," na ce wa Ndanusa. "Ita kuka je ɗauka."