Tsayau da Zuzau

Shekara ashirin Baban Sito yana yi wa ofis sayayya lafiya, sai ranar da ya yi odar fanka goma ta waya da Turanci, aka kawo kaskon suya goma. Fan ya nufa, pan ya fito. Manaja ta ce in ya kuma, gadin ƙofa zai koma.

Ya kai kukansa wajen autarsa, mai karatun harsuna.

Ta ce, "Baba, p tsayau ne, leɓɓa ke tare iska. F zuzau ne, iskar zurarewa take yi."

"Tsayau da Zuzau? Sai ka ce karnukan maƙwabta."

Ta miƙa masa madubinta. "Ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, ka hura."

Kwana uku yana hura madubi da furfurarsa, matarsa na tambaya ko madubin bai huce ba ne.

Ranar Litinin ya sake kiran kantin da ya yi wa odar, ya ciji leɓe, ya faɗi kalmar. Fankoki suka iso.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Kin riƙe min kujerata."

"Amin, Baba. Saura v."

Ya ce ta bari leɓen ya warke tukuna.