Akushin da Ban Buɗe Ba

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Maiduguri aka ba ni Kaltum, 'yar Malam Umara mai sayar da busasshen kifi a unguwar Gwange. Ni tela ne, sunana Nasidi, kuma a lokacin gani nake duk garin babu saurayi mai hankalina. Mun daɗe muna son juna da Kaltum. Manya sun je, an raba goro, abin da ya rage kawai mahaifinta ya sa rana.

Washegarin baiko kowa ya zama malamina. Wani ya ce in yaɓe ɗaki, wani ya ce in rage dariya a kasuwa. Wanda na fi saurara shi ne Bala, maƙwabcin rumfata, mai gyaran keke, wanda bai taɓa neman aure ba.

"Ka riƙe abu ɗaya," in ji shi. "Kunya. In ka je gidan surukai, ko ruwa kada ka sha. Da haka ake gane ɗan gidan mutunci."

Na riƙe da hannu biyu. Duk Juma'a bayan masallaci sai in wanke ƙafa, in ɗauki babbar rigar da na ɗinka wa wani bai zo karɓa ba, in nufi Gwange. In tuɓe takalmi tun daga bakin titi, in durƙusa a zaure. Malam Umara ya amsa gaisuwa, a kawo akushi a rufe da faifai a ajiye gabana. Sai ya miƙe ya ce bari ya duba jakinsa, ya fita ya daɗe.

Ni kuwa in zauna, ƙamshin man shanu na shiga hancina, cikina na ƙugi, ina kallon rufin zaure ina yaba wa kaina. Har tausayin jakin nan nake ji, wai kullum ba shi da lafiya. In ya dawo ya tarar da akushin yadda aka kawo, sai ya tsaya yana kallona, ni kuma in ɗauka girmana ne ya cika masa ido.

Aka yi ta tafiya a haka, ba a sa rana ba. Kaltum ta daina leƙowa idan zan tafi. Rannan na hange ta a kasuwa, ta gan ni sarai, ta juya ta shiga layin masu tukwane. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa zura zare a allura.

Washegari da hantsi sai ga kakarta Hajja a rumfata, tsohuwar da ke tsokanata da "mijina". Ranar ba ta tsokane ni ba.

"Wushe, Nasidi," ta gaishe ni da Barbarci. "Kai ciwon ciki gare ka?"

Na ce lafiyata ƙalau.

"To me girkin Kaltum ya yi maka? Tun asuba take tashi ta daka gero, ba ta bari kowa ya taɓa tukunyar. Ubanta ya bar maka zaure ya je ya tsaya a rana don ka ci ba kunya. Kai kuma ka mayar mata kamar an kawo maka guba. Jiya ta ce wa ubanta kada ya yi gaggawar sa rana."

Na dubi rumfar Bala. Ya sunkuyar da kai yana hura tayar da ta riga ta cika.

Ban jira Juma'a ba. Bayan azahar na isa Gwange da rigar aiki, zare na maƙale a wuyana. Malam Umara ya dube ni, ya yi kira cikin gida. Aka daɗe kafin akushi ya fito. Ya yunƙura zai tashi, na ce, "Baba, don Allah a zauna."

Na buɗe. Burabusko ne da miyar kuka. Lomar farko ta gaya mini Kaltum ta san da zuwana: gishiri kamar an juye buhu, barkono kuwa har cikin kunne. Hawaye suka zubo, hanci ya biyo baya. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gidan surukai, ga shi yana sharɓar majina gaban surukinsa. Malam Umara ya kau da kai yana ta gyaran hula. Na ci gaba da kai loma, domin tsoron rasa ta ya fi barkonon zafi. Na suɗe akushin tas, na ajiye.

Bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida na ji motsi, na ji ana danne dariya. Can sai muryar Kaltum, ƙasa-ƙasa, tana magana da kakarta amma don in ji.

"Hajja, a kai masa ruwa. Ki ce masa ya dawo Juma'a, zan dafa na kirki."