Hannun da Ya Riƙe Ƙafar Alkasim

Sunan kulob ɗin ƙwallon nan na birnin Jidda Matasan Kurayyat, amma in za a faɗi gaskiya matasan sun daɗe da fara furfura. Alhaji Isha'aku, Bahaushen Sudan mai shagon turare da yaduka, shi ya kafa shi tun kasuwa na yi masa dariya. Shi ke ɗinka riguna, shi ke sallamar alƙalin wasa, shi ke zuba wa motar 'yan wasa mai. Ana nan sai kasuwa ta juya masa baya. Aka sayar da motar, riguna suka koɗe, 'yan wasa suka koma zuwa fili a ƙasa, wannan da gwiwa a ɗaure, wancan yana ɗingishi, don ba halin ganin likita. Kowa ya san gasar unguwanni ta bana ita ce ta ƙarshe a hannun Alhaji. Wani attajiri a unguwar Bani Malik, Abdulwahid, ya yi magana zai karɓi kulob ɗin, kuma tun kafin ya karɓa ya aiko cewa shi ba ya kiwon tsofaffi.

Nomau yana cikin tsofaffin. Mutumin Dogondutsi ne, direban tankar ruwa, kuma riga mai lamba tara tasa ce tun ranar da tela ya kawo ta. Bai nemi komai a wajen Alhaji ba, sai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai: ya buga wannan gasa ta ƙarshe da rigarsa, Alhaji na zaune yana kallo, a rabu da mutunci.

Sai ga Alkasim. Haifaffen Jidda ne, siriri kamar tsinken tsire, Hausarsa rabi Larabci. Rana ɗaya ya zo gwaji, Alhaji ya ga yadda yake ratsa mutane da ƙwallo, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Aka miƙa masa lamba tara, Nomau ya koma benci yana tauna asuwaki. Abin da ya fi ci masa rai ba rigar ba ce kaɗai. Alhajin da ke kukan babu, shi ne ya sayo wa yaron takalmi sabo fil. "Ya waladi" yake kiransa, wato ɗana, su yi ta raha da Larabci suna dariya, Nomau na tsintar rabi yana rasa rabi. Shekarun da ya yi yana zubar da gumi a wannan fili, ko lemo Alhaji bai taɓa miƙa masa da hannunsa ba. Kishi ya ci Nomau har ya rame, matarsa ta ɗauka azumi yake yi a ɓoye.

Ana jibi fara gasa, a wajen atisaye, Alkasim ya yi karo da gola. An ji ƙarar ƙashi tun daga bakin fili. Kowa ya ɗauki salati, Nomau ma ya yi, amma Allah ya sani wani sanyi ne ya sauka a zuciyarsa, kuma bai kore shi ba.

Alhaji ya ce a yi asibiti. Nan aka yi cirko-cirko, domin yaron ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ubansa ya rasu bai sa shi a takarda ba. Asibitin gwamnati zai tambayi takarda, na kuɗi kuwa ya fi ƙarfin aljihun Alhaji na yanzu. Nomau ne ya kawo shawara. Ya ce akwai Malam Na'ibi mai ɗori a unguwar Waziriyya, mutumin ƙasarsu, ba ya tambayar takarda, ba ya yanka farashi. Abin da bai faɗa ba shi ne, Malam Na'ibi in ya ɗaure ƙafa ba ta taka ƙasa sai an daɗe da mantawa da gasa.

A tsakar gidan tsohon aka shimfiɗe Alkasim a tabarma. Malam Na'ibi ya fere karare, ya yayyaga ƙyalle, ya ɗaga kai ya tambayi wanda zai riƙe. 'Yan Nijar da ke cikin kulob ɗin duk suka mai da hannu baya suna kallon ƙasa, don sun san al'adar masu ɗori na gida. Nomau ma ya sani, ya gani da idonsa tun yana yaro. Amma ya dubi Alhaji, ya ga idonsa ya cika da hawaye yana neman wanda zai taimaka, sai ya ji yau dai ranarsa ce, bari a ga wane ne mai amfani a ranar wuya. Ya ture mutane ya durƙusa, ya kama ƙafar da hannu biyu. Alkasim ya yi ta ihu da Larabci har aka gama.

A bakin ƙofa Alhaji ya miƙa wa Nomau riga mai lamba tara, ya ce ya shirya. Nomau ya karɓa. Bai kai ga naɗe ta ba tsohon ya kira shi.

"Kai ɗan Dutsi, gobe bayan la'asar in gane ka nan."

"Bon, Malam, gobe da jibi akwai hidimar wasa."

"Wasa mi? Hannun da ya riƙa ranar ɗori shi ka riƙo har ranar kwance. Kullum sai na sassauta na yi tohi na matsa. In an sake hannu ƙashi ya karkace, babu ruwana. Kai ma ka sani."

Ya sani kuwa. Ya nemi a mai da abin da safe, tsohon ya ce da safe yana gadi a kasuwar kayan miya, in rana ta faɗi kuma idonsa ba ya gani. Wasa kuwa bayan la'asar ake yi, lokacin da kowa ya tashi daga aiki. Nomau ya fara lalubo wanda zai maye gurbinsa a ɓoye, maganar ta kai kunnen Larai, uwar Alkasim. Ta zo har inda yake ajiye tanka, ta tsuguna a gabansa tana roƙo kada ya sa ɗanta ɗaya tilo ya zama gurgu. Mutane suka taru suna kallo. Da yamma Alhaji ya zo da kansa, ya yi masa godiya mai tsawo, ya karɓi rigar a hankali ya ce za a ba wani ya riƙa kafin nan.

Haka gasa ta wuce Nomau yana durƙushe a Waziriyya. Kullum ƙafar nan da ya tsana tana hannunsa, da ɗuminta, da warin man shanun da ake shafa mata. Alkasim ya koma kiransa "ya akhuya", wato ɗan'uwana, yana damƙe masa wuyan hannu in zafi ya yi yawa, yana ba shi labarin yadda zai dawo fili. Alhaji kuwa daga fili nan yake zarcewa, da ledar ayaba da romon ƙashi, ya zauna a gefen yaron yana ba shi labarin wasa daki-daki. In an ci su, sai ya ce da kana nan da ba haka ba. Bai taɓa cewa da Nomau na nan ba.

Ranar da aka fitar da Matasan Kurayyat daga gasa, Alhaji ya shigo tare da Abdulwahid, sabon mai kulob, ana tsakiyar matsa ƙafa. Attajirin ya tsaya yana toshe hanci da gefen rawaninsa, ya tambayi tsohon ko ƙashin zai kama. Aka ce masa zai kama, har ya fi da. Ya ce halas, magana ta ƙare, zai jira yaron ko shekara ce, zai kuma nema masa kafilin da zai tsaya masa da takarda. Sannan ya nuna Nomau da baki.

"Wannan fa, ya Hajji? Wane gida yake bugawa?"

Nomau ya ɗaga kai. Ya zuba wa Alhaji ido yana jira. Alhaji ya dafa kafaɗarsa, karo na farko tun da suka san juna, muryarsa cike da ƙauna ta gaskiya.

"A'a, wannan ba ya wasa. Mai jinyar yaron ne, kuma wallahi ban taɓa ganin mai jinya irinsa ba."

Abdulwahid ya ce masha Allah, ya juya ya ci gaba da magana da Alkasim. Malam Na'ibi ya ce da Nomau ya daina sassauta hannu, ya riƙe da kyau. Nomau ya sunkuyar da kai ya riƙe.