Ganyen Yau

Oga da kansa ya tashi ya kashe fitilar ɗakin taro, abin da ba ya yi sai in ya samo abin da zai yi wa ma'aikata burga da shi. Hasken majigi ya faɗa jikin bango, sai ga wata bishiya koriya shar, ta yi ganye har ta cika allon.

"Ku kalle ta da kyau," in ji shi. "Bishiyar wanda ya fi kowa amfani da manhajarmu ke nan. Tun ranar da aka saka masa ita a waya bai taɓa tsallake safiya ɗaya ba. Irin wannan nake so masu zuba jari su gani jibi."

Auta tana can ƙarshen tebur, ta zare takalmanta a ƙarƙashinsa, shayinta ya huce tun ɗazu. Ita ce shugabar sashen talla, kuma bishiyar nan daga kanta ta fito, don haka ta ɗan gyara zama kamar wadda ba ta damu a yabe ta ba.

Sunan manhajar Ina Kwana. Aikinta ba wuya: ka karanta mata 'yan jimloli ta ɗauki muryarka, daga nan kullum da safe ita za ta kira tsohonka ko tsohuwarka, ta gaishe su da muryar taka, ta saurare su, ta ba su amsa. Auta ce ta rubuta kalmomin da ke jikin allunan talla na bakin titi: "Kana aiki, muna zumunci." Da farko kasuwa ta yi kyau, sai wasu kamfanoni suka shinshino, suka fito da nasu, har da mai raba data kyauta. Mutane suka koma sauke Ina Kwana yau, su goge ta kafin mako ya zagayo. A nan ne Auta ta gano cewa ɗan ne ke biya, amma tsohon ne ke riƙe manhaja. Ta sa aka dasa wa kowane tsoho bishiya a fuskar wayarsa. In ya ɗaga kira da safe, ganye ɗaya ya fito. In ya tsallake, duk su zube. Ta san tsofaffi, ba sa iya zuba ido shuka ta mutu a hannunsu.

"Dogo, sa mana muryarsa mu ji," in ji Oga. "An ɓoye suna, ko?"

"An ɓoye," in ji Dogo, mai haɗa musu manhajar. Ya danna.

Tari ne ya fara fitowa daga lasifika, gajere, sau biyu, sannan gyaran murya. Tun kafin a yi magana Auta ta gane shi. Da wannan tarin aka tashe ta makaranta shekara da shekaru.

"Lafiya lau, Uwata," in ji muryar tsohon. "Sai dai ƙafar nan. Inda ƙusa ta soke ni har yanzu bai rufe ba, babban yatsan ya fara baƙi. Jiya ko takalmi ban iya sa wa ba."

Sai wata murya ta mace ta amsa, mai taushi, mai haƙuri, wadda ba ta sauri ko kaɗan. Muryar Auta ce, amma na'ura ta goge mata gajiya da ƙosawa har abokan aikinta ba su shaida ta ba.

"Ayya, sannu Baba. Allah ya sawwaƙe. Ka huta sosai, ka sha ruwa. Me ka karya da shi yau?"

Wannan amsar ma ita ta rubuta. Da can, in tsoho ya ambaci ciwo, manhajar takan aika wa ɗansa saƙo nan take. Sai aka lura duk wanda ya sami irin saƙon sau biyu ko uku, hankalinsa yakan tashi, ya ji kamar ana tuhumarsa, ya goge manhajar. Auta ta kawo shawara a cire, a bar saƙon ƙarshen mako kawai, mai cewa bishiyar Baba ta ƙara ganye. Aka gwada, masu gogewa suka ragu, aka yi mata tafi a wannan ɗakin.

"A'a, wannan ba zai yi talla ba," in ji Oga yana yamutsa fuska. "Nemo mana inda yake dariya."

"Na yaushe ne wannan?" in ji Auta.

Dogo ya duba. "Ya kwan biyu. Tun farkon watan jiya."

Ta laluba takalmanta da ƙafa, ta sa, ta fita ba ta ɗauki ko jakar kwamfutarta ba.

* * *

A cikin tasi ta kira lambar Baba, tana ta ringin ba a ɗaga ba. Ta sake, haka nan. Sai a lokacin ta duba ranar da ta yi masa kiran ƙarshe da hannunta, ta yi sauri ta kife wayar a cinya don kunya.

Ba wani gari yake ba. Gari ɗaya suke, shi a tsohuwar unguwa, ita a kusa da ofis. Tela ne da ya ajiye aiki tun da ido ya fara gardama, ga ciwon suga, ga shi tun rasuwar Mama shi kaɗai ne a sashensa, sai masu haya a ɗaya ɓangaren. Yayanta yana ƙasar waje, aike ne nasa. Ita ce ta kusa, ita ce kuma ba a gani.

Makon da za a ƙaddamar da manhajar, Oga ya kafa doka cewa kowa ya fara da gidansu, don kada a buɗe shago babu kowa a ciki. Ranar Auta ta je wa Baba da sabuwar waya. Ya juya ta a hannu kamar yana duba yadi, ya saurari bayaninta har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in ke kanki nake son ji fa?"

"Baba, ai ni ce. Muryata ce fa."

"Uhm."

"Ka dai riƙa ɗagawa kullum. Duk ganyen da ya fito, aikina ne ke ci gaba. A ofis muna ganin komai."

Ta faɗi haka ne don ta rufe maganar, direba yana jiranta a waje. Kafin nan Baba yakan kira ta a tsakiyar aiki, ya ɗauko labari tun daga tushe, na wanda ya rasu da wanda ya haihu da famfon da ke ɗiga, ita kuwa ta ce, "Baba, ina taro, zan kira ka." Bayan an saka manhajar kiran ya ragu, ya zo ya tsaya. Ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, daɗi ta ji. Duk ƙarshen mako saƙo yakan shigo cewa bishiyar Baba ta ƙara ganye, ta yi murmushi ta share.

* * *

Warin ne ya tare ta tun daga bakin ƙofa, wani irin wari mai zaƙi-zaƙi da turaren da aka kunna bai iya dannewa ba. Keken ɗinkinsa yana nan a lungu an lulluɓe shi da zane. Baba yana kwance a gado, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ƙafar dama an naɗe ta da ƙyallaye masu launi-launi, ragowar yadin mutane, an ɗaure su tsaf irin ɗaurin tela. Wayar tana gefen matashi, a jikin caja.

Ya buɗe ido a hankali. "Uwata? Ke ce? Yau babu aiki?"

Ta durƙusa ta fara kwance ƙyallayen, da ta kai na ƙarshe sai ta mayar ta rufe, ta juya fuskarta bango.

Matar mai haya ta shigo da kwano a hannu, ta tsaya turus da ta gan ta. Mace ce mai jiki, mai yawan magana, amma yau a taƙaice ta gaishe ta.

"Gara da kika zo," in ji ta. "Mun yi, mun yi ya bari a kai shi asibiti, ya ƙi. Ya ce ya gaya miki, kin ce ya huta ya sha ruwa."

"Me ya sa ba ku neme ni ba?"

Matar ta ajiye kwanon, ta dube ta sama da ƙasa. "Mu neme ki? Kullum da safe muna jin muryarki ta bango, kuna hira har da dariya. Maigidana ya ce kada mu yi shisshigi, 'yarsa ta sani, kuma ta fi mu boko. Har misali nake yi da ke wa 'ya'yana, wallahi."

Auta ta so a ce zaginta matar ta yi, da ya fi mata sauƙi.

* * *

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya cire safar hannu, ya jefa a kwando, ya ce da an kawo shi watan jiya, da yatsa kawai za a cire. Yanzu sai dai daga ƙasan gwiwa, kuma yau ɗin nan, in ana son ransa.

"Mai suga ne fa," in ji shi. "Duk tsawon lokacin nan babu wanda ya gaya wa?"

"Ya faɗa," in ji Auta.

Da yamma aka shiga da shi. Tana zaune a benci a bakin ɗakin tiyata, jakarta a cinya da wayar Baba a ciki, sai tata ta yi ƙara. Oga ne.

"Ina kika shiga ne? Mun samo inda yake dariya, ya yi kyau sosai. So nake ki nemo mana mutumin nan, mu ɗauke shi bidiyo kafin jibi."

"Babana ne, Oga."

"Wa?"

"Mai bishiyar. Yana ciki yanzu, ana yanke masa ƙafa."

Ta ji yana jan numfashi, ta kuma yarda har ransa ya girgiza, don ba mugun mutum ba ne.

"Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya. Ki zauna da shi, kada ki damu da ofis." Sannan muryarsa ta sauka ƙasa-ƙasa. "Amma Auta, in ya warware, ki yi tunani. 'Yar da ta ƙirƙiro abin, mahaifinta ne ya fi kowa riƙe shi. Babu kamfanin da ke da labari irin wannan. Daga ƙirji zuwa sama za a ɗauka."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne, da mahaifin wani ne, da ita za ta fara kawo wannan shawarar.

* * *

Washegari rana ta shigo ta tagar ɗakin marasa lafiya, ta kwanta a kan gadon. Baba ya farka tun ɗazu, yana kallon silin. Bai tambayi ƙafar ba, bai kuma kalli wajen ba. Auta ta ba shi ruwa a cokali, ta goge masa baki, ta daɗe tana juya tambayar kafin ta iya fitar da ita.

"Baba, ka ɗauka ni ce?"

Ya ɗan murmusa, leɓensa duk ya bushe. "Tun kwana na biyu na gane. Ke ai ba kya bari in kai ƙarshen magana."

Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. "To me ya sa ba ka kira ni ba? Ni kaina?"

"Na kira, kina taro. Sai na tuna kin ce a ofis kuna ganin komai. Na ce to, ko ba ke ba ce, saƙon zai iso. Nake ta faɗa mata kullum." Ya numfasa. "Da na ga shiru, na ce aiki ne ya yi miki yawa."

"Amma ka ce wa masu haya na sani."

"To me zan ce musu, Uwata? In ce 'yata ta bar ni da rediyo?"

Ta kifa kanta a gefen katifar. Ta so ta ce masa ita ce ta sa aka toshe hanyar da saƙon zai bi, da hannunta, aka kuma yi mata tafi. Ya ɗora hannu a kanta kamar yadda yake yi tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta.

A cikin jakarta wani ɗan kiɗa mai sanyi ya tashi. Ta san shi, ita ta zaɓe shi cikin guda goma da aka kawo mata. Baba ya ɗauke hannunsa daga kanta, ya miƙo shi.

"Ba ni."

"Baba, ga ni nan fa."

"Na gan ki. Ba ni dai, kada ganyen su zube, a ce a ofis ba kya aiki."

Hannun yana nan a miƙe, da allurar ƙarin ruwa a bayansa. Ba ta taɓa barin hannun nan a miƙe ba tun tana yarinya. Ta ciro wayar ta sa masa. Ya danna da babban yatsa, ya kai ta kusa da kunne.

"Baba, ina kwana?" in ji muryarta, fes, babu kuka a ciki. "Ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata," in ji shi.

Auta tana zaune a gefe, hannunta a kan bargo, daidai inda bargon ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. A fuskar wayar wani sabon ganye ya ɓullo a reshen sama, ya ɗan karkaɗa, ya tsaya cikin 'yan'uwansa.