Ruwan Wankan Baba Yana Cikin Inji

Auta ne ya kawo shawarar, saboda haka komai a kansa ya ƙare. Ya ce a loda tanti a motar gida, a je bakin tafki a sha iska na 'yan kwanaki kamar yadda mutane ke yi. Mama ta ce to. Yaya ya ce to, in dai ba shi zai ɗauki kaya ba. Baba sai da ya shanye shayinsa tukuna, sannan ya faɗi sharaɗinsa.

"Ruwan zafi da safe. In na tashi babu, a naɗe tanti a mayar da ni gida."

Ba wasa yake ba. Tun da gwiwarsa ta fara ciwo, ruwan sanyi bai sake ganin jikin Baba ba. Kuma motar ɗaya ce tal. In Baba ya juya, kowa ya juya, Auta kuwa zai yi ta jin labarin a bakin Yaya har ya yi furfura.

To shi Auta gyaran lagireto ne sana'arsa. Kullum aikinsa ke nan, korar zafi daga jikin inji. Ya ce ai wannan zafin da ake kora a banza, gara a ba shi aiki. Ya samo bututun tagulla, ya naɗe shi a cikin wani gwangwanin ƙarfe, ya haɗa gwangwanin da tiyon da ruwan inji ke bi. Ɗaya bakin bututun ya tafi jarka, ɗayan ya fito da kan shawa, ga ɗan famfo yana shan wuta daga batir. Ruwan sanyi ya shiga, ya ɗebi zafin inji, ya fito yana tururi. Ya gwada a gareji, har maƙwabcinsa mai faci ya wanke kai ya ce a ƙara masa.

Komai Auta ya lissafa, ban da abu ɗaya. Baba tsohon direban babbar mota ne.

Safiyar farko a bakin tafki, iska na kaɗawa kamar an aiko ta. Auta ya tashi da wuri, ya tayar da mota don inji ya yi zafi, ya ɗauki jarka ya tafi famfon wurin. Da ya dawo, mota ta yi tsit. Ya buɗe bonet, ya taɓa nan, ya ja can, bai ga komai ba. Ya sake tayarwa, ya tafi ɗaura ledar da za ta zama banɗaki tsakanin bishiyoyi. Bai gama ƙulli ba ya ji inji ya sake mutuwa.

Karo na gaba bai je ko'ina ba. Ya tayar, ya koma bayan bishiya ya tsaya. Sai ga Baba ya fito daga tanti, tawul a kafaɗa, yana ɗingishi. Ya zura hannu ta taga, ya murɗa makulli, ya juya abinsa.

"Baba! Ashe kai ne kake kashe mini mota?"

"Wa ya bar ta a kunne?"

"Ni ne."

"Ina za ka?"

"Ba inda za ni."

"To."

Auta ya bi shi yana bayani da hannu da ƙafa. Ruwan zafin nan daga inji yake fitowa, in inji bai yi aiki ba, ba zafi. Baba ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Na gane. Dabara ce mai kyau," in ji shi. "Amma duk shekarun da na yi a hanya, ba wanda ya taɓa barin inji yana kuka a tsaye a gabana. Mota in ta yi kuka, tafiya za ta yi. Ina ruwana na wanka?"

Auta ya ruga wurin Yaya. Shi Yaya ya zo da tasa dabarar, wata baƙar jakar roba da ake cikawa da ruwa a rataye a rana. Tana reto a reshe tun jiya. Auta ya taɓa ta, ya janye hannu da sauri.

"Wannan ai ta fi tafkin sanyi."

"Ka jira rana ta take tsaka," in ji Yaya daga cikin bargo. "Za ka sha mamaki, Injiniya."

Ya koma wurin Mama, ya fara kallon tukunyar gas da gefen ido. Mama ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na girki ne. In kun ƙarar da shi a wanka, sai ku ci sabulu."

Ya fara tsintar ƙirare. Mai gadin wurin, wanda tun ɗazu yake zaune a kan benci yana kallonsu kamar talabijin, ya ɗaga yatsa ya nuna allon da ya hana hura wuta. Auta ya zubar.

Da ya waiwaya, Baba ya riga ya naɗe bargonsa, ya sa takalmi, ya zauna a kan jakarsa. Yaya ya leƙo daga tanti, bakinsa har kunne.

"Shi ke nan, Baba," in ji Auta. "Tun da sai ta yi tafiya, bari in zaga da ita bakin tafki in dawo."

"Kai? Kai da kake sa giya kamar kana karya ƙashi?" in ji Baba.

Baba ya miƙo tafin hannu.

Tun da gwiwar nan ta fara, 'ya'yan suka haɗa baki suka raba Baba da makulli, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Mama ta daina juya cokali. Auta ya kalli hannun, ya kalli bargon da aka naɗe, ya kalli haƙoran Yaya. Ya ajiye makullin a tafin Baba, ya zagaya ya shiga gefe.

Baba ya gyara madubi, ya gyara kujera, ya ce wani ɗan iska ne ya matsar da ita. Ya tayar, ya ja a hankali, gwiwar hannu a taga. Hanyar ƙasa ce mai ramuka, amma ko ruwan jarka bai motsa ba. Ɗingishin nan duk bai biyo shi cikin mota ba. Allurar zafi ta fara hawa har ta kai tsakiya.

"Baba, ta yi zafi."

"Na gani."

Suka iso wurin tanti, Baba ya wuce. Mama ta ɗaga cokali, ya danna mata oda. Sai da suka sake zagayowa sannan ya yi ribas, ya ajiye bayan motar daidai bakin leda. Auta ya zuba wa hannunsa ido, yana jiran ya kai ga makulli.

Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

"Me kake jira? Ban tsaya ba, lodi nake yi. Ana barin inji a lodi. Yi sauri."

Auta ya dira, ya tsoma tiyo a jarka, ya kunna famfo. Kan shawa ya yi tari, ya tofa iska, sannan ruwa ya zubo yana tururi. Bokiti na cika, inji ya mutu.

Baba ya daɗe a bayan leda. Ba a jin komai sai ƙarar ruwa da wani ɗan nishi. Ya fito tururi na tashi daga ƙeyarsa, ya tsaya ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe ta.

"Ya ɗan yi zafi da yawa," in ji shi.

Ya ɗauki bargonsa ya warware, ya mayar cikin tanti. Yaya ya ja nasa ya rufe kai.

Auta ya matsa, ya miƙa hannu cikin ladabi. "Baba, makullin."

Baba ya shafa aljihunsa, ya ji yana nan, ya zauna.

"Gobe uwarka ma za ta yi wanka da ruwan zafi."

"Ni ai ruwan sanyi bai dame ni ba," in ji Mama.

"Zai dame ki," in ji Baba. "A zuba mini shayi."